Sa'ad da Hamada Ta Sauka a Ƙasar Gaya

Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya a ƙasar Gaya ko Ajingi ya san gona iri biyu ce. Akwai jigawa mai rairayi, mai sauƙin huɗa, wadda gero da gyaɗa da wake suke so. Akwai kuma fadama mai baƙar laka, wadda take riƙe ruwa, inda ake shinkafa da damina, a yi lambu da rani. Yaro ɗan shekara goma ma ya san wannan. Amma da za mu tambaye shi, ko mu tambayi kakansa, wa ya tara rairayin nan, daga ina kuma ya fito, sai a ce mana haka aka tarar.

Gaskiya ne, haka aka tarar. Sai dai ba kullum ƙasar take haka ba. An yi zamanin da wurin nan ya zama hamada, babu itace, babu rafi mai gudu. An kuma yi zamanin da dorina da kada suka yi ta wasa a inda yau raƙumi kaɗai yake iya ratsawa. Mutane sun ga waɗannan sauye-sauye da idonsu, sun yi ƙaura saboda su, a cikinsu kuwa har da kakannin kakanninmu. Wannan wata muna so mu bi sawun labarin tare da ku, gama ya shafi rijiyar da muke sha da gonar da muke ci.

Inda dutse ya ƙare

In mutum ya tashi daga birnin Kano ya nufi gabas, ya ƙetare gadar Wudil, ya miƙa zuwa Gaya, tafiyar kilomita 60 da 'yan kai, ya taka wata iyaka wadda ba a kafa mata alama ba. Masu haƙa rijiya sun fi kowa saninta. A yamma, in an yi 'yan gaba kaɗan sai a tarar da marmara da ruɓaɓɓen dutse, daga nan sai dutse mai tauri wanda diga ba ta ci. A gabas kuwa ana ta tafiya cikin yashi da yumɓu, hawa bisa hawa, dutsen ya nutse can ƙasa, sai dai nan da can yakan leƙo kai kamar yadda ake gani a Dutse. Masana suna kiran wannan tarin yashi da yumɓu Shimfiɗar Chadi, domin koguna da tafkuna ne suka jibge shi a cikin babban kwarin Chadi tun zamani mai nisa ƙwarai. Farfesa E. A. Olofin na Jami'ar Bayero ya yi rubutu da yawa a kan wannan iyaka, wadda ta ratsa gabashin ƙasar Kano.

Kogi ma ya san da ita. Kogin Kano da na Challawa suna tattara ruwa daga ƙasar dutse, su haɗu su zama kogin da ya wuce ta Wudil, wanda ake kira Kogin Haɗeja. Da ya shiga ƙasar yashi sai halinsa ya sake. Ya daina tarawa, ya koma rabarwa. Ruwan yana nutsewa cikin ƙasa, yana bazuwa cikin fadamu, har ya haɗu da Kogin Jama'are a wajen Gashuwa, su zama Komadugu Yobe, su gangara Tafkin Chadi da ɗan abin da ya rage. Watau mu mutanen wannan yanki a bakin ƙwaryar Chadi muke zaune, ko da yake yawancinmu ba mu taɓa ganin tafkin ba.

Ƙanƙara a Turai, rairayi a Hausa

Wajen shekara 21,000 da suka wuce duniya ta yi sanyi ƙwarai. Ƙanƙara ta rufe Kanada da arewacin Amurka da arewacin Turai, a waɗansu wurare kaurinta ya kai kilomita 3. Ruwan da ya daskare ɗin nan daga teku ya tashi, bai kuwa koma ba, saboda haka teku ta janye, ta yi ƙasa da wajen mita 120, kusan ƙafa 400 ke nan. Mutum yana iya tafiya da ƙafa daga Faransa zuwa Ingila. Kusa da mu, tsibirin Bioko, wanda dā ake kira Fernando Po, haɗe yake da ƙasar Kamaru. Inda Legas take yau kuwa ba bakin teku ba ne, sai an ƙara tafiya kudu kafin a ga ruwa.

Wani zai ce, ina ruwan Bagaye da teku? Ai ruwansa ne ƙwarai. Ruwan saman da muke jira kowace shekara daga teku yake fitowa. Iskar damina ce take ɗauko raɓarsa daga kudu maso yamma ta kawo mana. Da teku ta yi sanyi, tururin da yake tashi daga cikinta ya ragu, iskar damina ta yi rauni, ba ta iya kaiwa nesa. Sai iskar hunturu ta sami fili. Hamada ta gangaro kudu da wajen kilomita 400 zuwa 500 daga inda bakinta yake yanzu, Tafkin Chadi ya ƙafe ko ya kusa, iska ta yi ta kwasar yashin da koguna suka bari tana jera shi tudu-tudu.

Wani Bature masanin ƙasa na Jami'ar Kambirij, A. T. Grove, shi ne ya bayyana wannan filla-filla a 1958. Ya duba hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama, ya ga tuddan rairayi a jere kamar kunyoyin gona, dogaye, sun miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, daidai hanyar da iskar hunturu take bi har yau. Ya kira su tsohuwar hamadar ƙasar Hausa. Sun fi fitowa sosai a wajen Jahun da Kafin Hausa da Haɗeja, gefensu kuma ya taɓo gabashin Kano, inda ruwan sama da noma na dubban shekaru suka lallatse su har ba a cika gane su ba. Su ne jigawa. Daga gare su ne maƙwabciyarmu Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Kano a 1991, ta sami sunanta.

Tuddan nan sun tare wa koguna hanya. Shi ya sa har yanzu Kogin Haɗeja ba ya tafiya sak, sai ya yi ta rarrabuwa yana neman mafita tsakanin tudu da tudu, ya cika kwari ya bar tudu a tsaye kamar tsibiri. Fadamun Haɗeja da Nguru, da kifinsu da shinkafarsu da tsuntsayen da suke zuwa daga Turai, aikin wancan tsohon fari ne.

Mutum ba ya zama inda babu ruwa. A wancan zamani sai an nausa kudu ake samun alamar mutane sosai. A wani kogon dutse da ake kira Iwo Eleru, kusa da Akure, Farfesa Thurstan Shaw ya tono ƙasusuwan mutum a 1965, awon da aka yi daga baya ya nuna sun kai wajen shekara 13,000.

Da ruwa ya dawo

Me ya juya al'amarin? Duniya tana juyawa kamar mazari, amma kanta ba ya tsayawa cik. Yana ɗan layi a hankali, kamar yadda mazari yake yi in ya soma gajiya, zagaye ɗaya kuwa yana cin shekara 21,000 ko fiye kaɗan. Saboda wannan layi, akwai zamanin da bazarar arewacin duniya take faɗowa daidai lokacin da duniya ta fi kusa da rana. Haka ta faru wajen shekara 11,000 da suka wuce. Ƙasar Sahara ta riƙa ɗaukar zafi fiye da na yanzu da bazara, zafin nan kuwa shi yake jawo iskar damina daga teku, kamar yadda muka sani in an yi gumi sosai hadari ba ya nisa. Iskar ta ratsa har tsakiyar hamada da ruwanta. Ciyawa ta tsiro, ta rufe rairayi, itatuwa suka kafu, tafkuna suka cika. Da ciyayi suka yi yawa sai suka ƙara jawo ruwan, abu ya yi ta haihuwa.

A can arewa kuma ƙanƙara ta narke, teku ta yi ta hawa har ta kusa matsayinta na yau wajen shekara 6,000 da suka wuce. Ta cinye ƙasar da ke tsakanin Ingila da Turai. A 1931 waɗansu masunta suka jawo wani kan mashi na ƙahon barewa a cikin tarunsu daga ƙarƙashin tekun nan, shaidar cewa dā maharba suna yawo a wurin. Bioko ma ya rabu da Kamaru ya zama tsibiri.

A wajenmu abin al'ajabi shi ne Tafkin Chadi. Ya cika ya batse har faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 350,000, watau ya fi kashi ɗaya cikin uku na dukan Nijeriya, ya ninka Jihar Kano wajen sau 17. Bakinsa yana nan har gobe ga mai son gani. Wani dogon tudun yashi ne da ya bi ta Bama da Konduga da Maiduguri ya nufi wajen Gaidam, ana kiransa Tudun Bama. Raƙuman ruwa ne suka tara shi, kamar yadda suke tara yashi a bakin teku. A Konduga an sami fasassun tukwane a cikinsa waɗanda suka haura shekara 6,000.

A nan sai mu yi gyara biyu. Akan ji waɗansu suna cewa dā Tafkin Chadi ya kawo har Kano. A wannan zamani dai bai kawo ba. Fuskar ruwan ta tsaya ne a wajen mita 320 bisa teku, Gaya kuwa ta haura mita 400. Abin da ƙasarmu ta samu shi ne koguna masu gudu rani da damina, da kurmi a bakinsu, da tafkuna a cikin kowane kwari tsakanin jigawa. Na biyu, kada a haɗa wannan da ruwan Tufana na zamanin Nuhu, gama wannan ruwa a hankali ya taru, ya kuma zauna dubban shekaru mutane suna cin amfaninsa.

Jirgin Dufuna

A 1987 wani Bafillace makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, cikin Ƙaramar Hukumar Fune ta Jihar Yobe ta yanzu, ba nisa da kogin Komadugu Gana. Da ya kai wajen mita 5 sai ya ci karo da wani abu mai tauri. Ashe itace ne, sassaƙaƙƙe kuwa. Labari ya kai ga hukuma, a 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus, a ƙarƙashin Abubakar Garba da Peter Breunig, suka fito da shi. Jirgin ruwa ne na itace guda, tsawonsa ya fi mita 8, faɗinsa wajen rabin mita, an sassaƙa shi daga itace dangin maɗaci. Awo ya nuna ya kai shekara 8,000. Ba a san jirgin da ya girme shi a dukan Afirka ba, a duniya ma kaɗan ne. Daga baya aka kai shi Damaturu.

Mu tsaya mu yi tunani a kan wannan jirgi. Ba a san ƙarfe ba a lokacin, da gatarin dutse aka yi shi. Duk da haka gefensa siriri ne, goshinsa da bayansa masu tsini, aikin gwani wanda ya gaji sana'ar daga iyaye. Ba a koyon irin wannan sassaƙa a ƙasar da ruwa yake zuwa wata uku ya wuce. Sa'an nan itacen da zai ba da jirgi mai tsawon mita 8 ba a daji mai ƙaya yake girma ba. Jirgi ɗaya tak ya gaya mana akwai ruwa mai zurfi, akwai manyan itatuwa, akwai kuma jama'a masu zaman da ya kai a gāji sana'a. Kogunan da suka ratsa ƙasarmu kuwa duk cikin wannan ruwa suke zuba.

Mai karatu zai so ya san yadda ake gane shekarun abu haka. Kowane abu mai rai, itace ko dabba ko mutum, yana ɗaukar wani irin sinadarin gawayi daga iska da abinci. Ran da ya mutu ya daina ɗauka, wanda ke jikinsa kuma ya soma raguwa, rabinsa yana tafiya cikin kowace shekara 5,730. In aka auna abin da ya saura sai a lissafta tun yaushe abin ya mutu. Kamar ka tarar da kyandir yana ci ne, ka san tsawonsa tun yana sabo, ka san saurin cinsa, sai ka faɗi lokacin da aka kunna shi. Ga rairayi kuma akwai wata dabara dabam, wadda take nuna rabon ƙwayar yashi da ganin hasken rana, da ita ake gane lokacin da iska ta binne ta.

Can cikin hamadar Tenere ta Jamhuriyar Nijar, a wani wuri da ake kira Gobero, wani Ba'amurke mai suna Paul Sereno ya je neman ƙasusuwan manyan dabbobin dā a shekara ta 2000, sai ya tarar da maƙabarta mai kabari wajen 200 a bakin wani ƙafaffen tafki. Akwai ƙashin dorina da na kada da na giwan ruwa, da masu da ƙugiyoyin kamun kifi na ƙashi. Jama'a biyu ne suka zauna a wurin. Na fari dogaye ne ƙarfafa, masunta da maharba, daga wajen 7700 zuwa 6200 kafin haihuwar Almasihu. Sai fari ya zo na kusan shekara 1,000, tafkin ya bushe, suka watse. Da ruwa ya komo sai waɗansu mutane dabam suka zo, marasa jiki kamar na farko, sun san shanu. A cikin kaburburansu akwai wanda ya taɓa zuciyar duk wanda ya gani: mace da yara biyu, an kwantar da su suna fuskantar juna, hannuwansu a sarƙe, an kuma sami garin furanni a ƙarƙashinsu. Shekara 5,000 ke nan da ɗoriya, amma wace uwa ce a cikinmu ba za ta gane wannan kwanciya ba? A arewa da Agadas kuma, a Dabus, an zana raƙumin dawa a jikin dutse, tsawonsa ya fi mita 5, a wurin da yau akuya ma sai ta yi da gaske.

Ƙaura zuwa kudu

Layin mazarin nan bai tsaya ba. Daga wajen shekara 5,000 da suka wuce ruwa ya soma ja da baya. Gobero ta zama kufai wajen 2500 kafin haihuwar Almasihu. Babban tafkin ya yi ta tsukewa yana barin baƙar laka a bayansa, irin wadda mutanen Barno suke kira firgi suna shuka masakwa a kanta. Masu shanu suka bi ruwa da ciyawa zuwa kudu, ba rana ɗaya ba, ba kuma da shawara ɗaya ba, sai dai kowane zuriya ta ɗan matsa gaba da inda iyayenta suka yi mashekari.

A Gajiganna, arewa da Maiduguri, an tono ƙauyukan makiyaya da suka sauka a kan busasshen gindin tafkin wajen 1800 kafin haihuwar Almasihu. Da fari shanu da awaki da kifi da tsabar ciyawar daji suke ci. Daga baya sai alamar gero ta bayyana a jikin tukwanensu, domin sukan cuɗa yumɓu da ƙaiƙayi. Geron nan ma ɗan fari ne. Ciyawar daji ce ta bakin hamada, mutane suka yi ta zaɓen zangarniya mai kyau suna ajiye iri, mafi tsufan shaidarsa kuwa an same ta a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali, wajen 2500 kafin haihuwar Almasihu. A ganinmu babu gādon da mutanen nan suka bar mana wanda ya kai wannan. Sun ba mu hatsin da yake nuna cikin wata uku a kan rairayin da wani fari ya tara. Duk wanda ya sha fura a kasuwar Gaya ya ci guminsu.

Kusa da gida, a Birnin Kudu, akwai zanen shanu a cikin kogunan dutse irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, waɗanda aka soma bincikensu a shekarun 1950. Shanun da aka zana ba su da tozo, waɗansu masu dogon ƙaho, waɗansu masu gajere kamar muturu. Irin waɗannan ne shanun farko na Afirka ta Yamma, masu tozo daga baya suka shigo. Ga kuma abin da manoma sukan tsinta a gona su ce gatarin aradu ne. Ba aradu ce ta jefo shi ba. Hannun mutum ne ya goge dutsen nan har ya yi kaifi, ruwan sama kuwa yakan tone shi bayan hadari, shi ya sa ake zaton daga sama ya faɗo.

Harshenmu ma yana ɗauke da alamar wannan tafiya. Hausa 'yar'uwar Bade ce da Ngizim da Bolanci da Angas da Warji, duka ana kiransu harsunan Chadi. A ƙasar Auyo da Shira an yi harsuna dangin Bade waɗanda Hausa ta haɗiye su. Masana tarihi sun yi muhawara a kan asalin Hausawa. Farfesa Abdullahi Smith ya ɗauka bushewar Sahara ce ta turo su daga arewa. J. E. G. Sutton kuwa, a 1979, ya ce daga gabas harshen ya bazu zuwa yamma, daga ƙasar da ke tsakanin Haɗeja da Daura da Kano. In maganarsa ta tabbata, to, yankin Gaya yana cikin tsohon gida ke nan. Littafin Tarihin Kano ma ya ambaci wani Agalfati, ɗan Sarkin Machina, wanda ya zo ya zama Sarkin Gaya a zamanin Sarkin Kano Yakubu, cikin ƙarni na 15. Hanyar arewa maso gabas ta daɗe tana kawo baƙi.

Labarin gargajiya ya ce maƙeran Gaya, Abagayawa, su ne suka je Dutsen Dala neman tama, shugabansu kuwa sunansa Kano. Awon gawayin wata tsohuwar matoyar ƙarfe a Dala ya nuna ana narka tama a wurin tun ƙarni na 7 bayan haihuwar Almasihu. Narka tama kuwa tana cin gawayi ba kaɗan ba. Inda maƙera suka yi ƙarfi, a nan daji yake da itace.

Tafkin da yake zuwa mana cikin hazo

Tsohon tafkin bai rabu da mu ba. Wurin da ya fi zurfi shi ne kwarin Bodele a arewacin ƙasar Chadi. Da ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari, ragowar ƙananan halittun ruwa. Iskar hunturu tana ratsawa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashe ta, babu wani wuri ɗaya a duniya da yake ta da ƙura kamarsa. Ita ce hazon da yake rufe mana rana a watan Janairu, ya sa yara tari, ya fasa mana leɓe. Wani masani, Grant McTainsh, ya auna zubar ƙurar nan a Kano a ƙarshen shekarun 1970, ya nuna tana ƙara wa ƙasarmu laushi da taki. Manoma sun riga shi sani, gama sun daɗe suna cewa shekarar da aka yi hazo sosai akan yi amfani. Wata ƙurar har ƙetare teku take yi ta sauka a kurmin Amazon na Barazil.

Abin da ya rage gare mu

Waɗancan sauye-sauye sun ɗauki dubban shekaru. Amma ƙananansu suna zuwa a cikin ran mutum ɗaya. An yi yunwar Kakalaba a 1913 zuwa 1914. An yi farin 1972 zuwa 1974, inda a 1973 Kano ta sami wajen rabin ruwan da ta saba samu, aka sake wani a 1983 da 1984. Tafkin Chadi da yake murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma a shekarun 1980, ko da yake daga baya wani sashe ya farfaɗo. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ambaliyar da take ciyar da fadamu kowace shekara ta ragu, mutane suka saki jiki suka yi gini a kwari. A 2001 ruwa ya zo ya ci gidaje da gonaki a garuruwan bakin kogi daga Wudil zuwa cikin Jigawa. A 2022 ya sake yin ɓarna mai yawa, mutum fiye da 600 suka rasu a faɗin Nijeriya. Kwarin da ke tsakanin jigawa biyu tsohuwar hanyar ruwa ce, tsofaffin da suka kafa garuruwa a kan tudu ba don son hawa suka yi ba. Yanzu kuma ga hayaƙin man fetur da kwal yana ɗumama duniya da saurin da ya fi na layin mazari nesa, teku ta hau da wajen santimita 20 tun daga 1900, mutanen Ayetoro a Jihar Ondo suna kallon tana cin garinsu.

Jigawar da muke nomawa kuwa hamada ce mai barci, saiwar ciyawa da ta itace ce take riƙe da ita. Wanda yake shakka ya je Tulo-Tulowa a ƙasar Yusufari ya ga yadda rairayi yake tafiya in ya farka. Mu ruwanmu ya fi nasu, amma wanda ya share gona ƙal, ya sare gawo, ya tumɓuke sabara da gamba, ya kwashe kara duka, zai ga iskar bazara tana binne masa shuka sau biyu kafin ta kama. Manoman Maradi sun sha wannan wuya. Tun daga shekarun 1980 suka koma abin da suke kira sassabin zamani: in kututture ya tofo a gona ba a sare shi duka, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Ba a sayen iri, ba a ban ruwa, gama saiwar tana nan da ranta. Ta haka itatuwa suka komo a kan hekta wajen miliyan 5 a yankunan Maradi da Damagaram.

Saura roƙo ɗaya ga masu haƙa rijiya da masu haƙar ƙasar gini da masu ɗiban yashi. In kun ci karo da fasassun tukwane a zurfi, ko kashin maƙera, ko gatarin aradu, ko ƙashin kifi da ɓawon katantanwa a inda babu ruwa, kada ku watsar, kada kuma ku sayar wa dillali. Ku lura da zurfin, gaba nawa ne, da irin ƙasar da abin yake ciki, yashi ce ko laka. Ku bar abin a inda yake in zai yiwu, ku gaya wa dagaci, a aika wa ma'aikatan gidan tarihi na Gidan Makama a Kano. In akwai gawayi tare da shi, kada a wanke, kada a haɗa shi da toka ko wani gawayi. A ɗauke shi da cokali mai tsabta, a sa a cikin leda sabuwa, a rubuta sunan wurin da zurfinsa. Ɗan abin da bai cika cokali ba ya isa a auna.